Feshin da Ya Fi Ƙarfin Rijiya

Yoila mutumin kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya: son a gani a yaba. Na san shi sosai, don ni ke sarin tumatirinsa in kai kasuwar Hausari. Ya yi ƙuruciyarsa yana masinja a GRA, inda ya saba kallon ruwa yana juyi yana feshe ciyawar gidajen manya. Da ya bar aiki, abin da ya rage masa a duniya shi ne lambunsa na bayan gari da ƙaramar rijiyar burtsatse a ciki.

Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya ce shi ma feshi zai yi. Abdulwahab mai sayar da kayan ban ruwa ya ce masa, "Baba, a fara gwada ƙarfin rijiyar tukuna. Ƙaramin inji da 'yan kawunan feshi sun ishe ka, ka riƙa matsar da su layi-layi."

"In riƙa jan bututu kamar mai kiwon akuya? Ba ni babban. Ina so mai wucewa a titi ya hango ruwan."

Matarsa Ketura ta ce, "Baban Gloria, mai wucewa a titi ne zai zuba mana mai a injin?"

Ni ma na faɗa masa a gaban idonsa cewa tumatir ba ciyawar ado ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai tanadi kwanduna."

An kuwa hango ruwan. Masu keke har tsayawa suke yi su yi kallo. Injin yana shan mai, iska tana kwashe rabin feshin zuwa bakin hanya. Rijiyar ba ta iya tara abin da injin ke zuƙa, sai ya fara jawo yashi. Daidai lokacin da tumatir ya yi fure, rijiyar ta rufta, yashi ya cinye injin. Babu abin haƙa wata. Furen ya zube, ganyen ya bushe, kwandunana suka dawo wayam.

An sayar da lambun. Ketura tana shanya a kan bututan. Yoila ya koma GRA da furfurarsa, gadi yake yi a wani gida, kuma shi ke kunna wa ciyawar maigidan ruwa kowace safiya.

Darasin a fili yake. Kafin ka sayi inji, ka san ƙarfin rijiyarka da abin da shukarka ke buƙata, ka tsaya iya nan. Waɗanda suka tsaya kallo a titi, ko ɗaya bai zo jaje ba.