Rariyar da Daeng Baji Ta Ƙi Ɓoyewa

Akwai wata mata a garinmu Galesong, nan bakin teku, ana kiranta Daeng Baji (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu). Mijinta da nawa jirgi ɗaya suka shiga neman ƙwan kifi, jirgin bai dawo ba. Ni ban iya ƙawata zance ba, yadda abin ya faru haka zan ba ku shi.

Mijin nata, Daeng Rewa, ya bar mata rumfar gyaran ƙwan kifi. Masunta su kawo ƙwan manne da ganyen kwakwa, mata su tsince, su shanya, su zuba a rariya, a rufe a kwali a tura Japan. Yawancin matan rumfar zawarawa ne irinmu.

Mai saye ɗaya ne tal, wani dattijo mai ƙaramin kamfani, sunansa Kuramoto. Rewa ya yi aikin jirgin kamun kifi a ƙasarsu yana saurayi, saboda haka da Japananci suke magana. Da ya rasu, babu wanda ya rage a gidan mai jin harshen.

Baji na fita takaba, yayan mijinta Haji Tompo ya iso. Babban ɗan kasuwa ne, yana da tasa rumfar, kuma yana ɗan jin Turanci.

"Baji, ki huta haka nan," in ji shi. "Ba ni makullin in haɗa rumfar da tawa. Kasuwar waje ba aikin mace mai jikoki ba ne."

"Matan rumfar fa, Daeng Haji?"

"Zan ɗauki masu sauran ƙarfi."

"To makullin yana inda ƙaninka ya rataye shi, kuma a nan zai zauna."

"Da wane baki za ki yi magana da mutumin? Da hannu?"

"Bakin da Rewa ya koya, ai ba da shi aka haife shi ba."

Washegari ta tafi gidan Rosdiana, wata mata da ta yi aikin kula da tsofaffi a Japan ta dawo gida. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a barandarta tana maimaita kalmomi, harshenta yana sarƙewa.

Gari ya samu abin dariya, wai Japanancin da take koyo kukan kyanwa ne. In ta shiga kasuwa sai masu kifi su ɗaga murya: "Daeng Baji, yau me kyanwa ta ce?" Ita kuwa sai ta juya ta gaishe su da Japananci, ta rusuna har da gangan, ta ce, "Na ce kifinku na jiya ne." Kasuwa ta kwashe da dariya, ta wuce abinta.

Rosdiana tana koya mata halin mutanen tare da kalmomin. Wata rana Baji ta yi kuskure a jimla ta tuntsire da dariya, sai malamar ta ɗaure fuska.

"Daeng, wannan dariyar ki kiyaye ta. Mu in mun ji kunya dariya muke yi, kowa ya gane. Su kuma in ka yi laifi kana dariya, gani suke ka raina su. Kuma ba sa son jin wane ne ya jawo. So suke su ga a ina abin ya faru, da abin da ka canza."

Baji ta riƙe wannan a ranta.

Kayan farko da ta tura bayan rasuwar mijinta suka isa Japan. Ba a daɗe ba sai ga hoto a wayarta: ɗan guntun wayar ƙarfe siriri, kwance a cikin ƙwan kifi. A ƙasan hoton Kuramoto ya rubuta cewa yana nan zuwa da kansa.

Baji ta shiga rumfa ta bi rariyoyin ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar rariyar da Rewa ya ɗinka da hannunsa ta ga wurin da wayar ta tsinke.

Labari ya kai wa Haji Tompo, ya zo da sauri.

"Miƙo rariyar nan in jefa a teku," ya ce. "Za mu ce a tashar jirgi aka buɗe kwalin. Mu gasa masa kifi, mu rage masa farashi, ya koma da murna. Ni zan yi magana, ke ki zauna cikin mata."

"Daeng Haji, ba a tashar jirgi ba ne. A nan ne."

"Na sani! Amma a gaban baƙo za ki tona asirin gida? Ƙanina yana kwance a ƙarƙashin teku, ke kuma ki ce rariyarsa ce? Ba ki da kunya?"

A wurinmu wannan magana ba ƙarama ba ce. An sha zubar da jini a kan abin kunya. Matan rumfar duk suka sunkuyar da kai.

Baji ta ɗauki rariyar ta kai ɗakinta ta kulle.

Ranar da baƙon ya zo, Haji Tompo ya sa an shimfiɗa abinci a tsakar gida: gasasshen kifi, shinkafa, miyar mangwaro mai yaji, soyayyar ayaba. Kuramoto ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin gashi. Ya zauna, ya fito da guntun wayar cikin 'yar leda, ya ajiye a tsakiyar tebur.

Haji Tompo ya kalla ya yi dariya mai ƙarfi. Ya dafa kafaɗar baƙon, ya shiga zuba Turancinsa: abu ne ƙarami, 'yan tashar jirgi ne, ai ka san halinsu, za a rage maka farashi, ci kifi tukuna.

Baji tana daga bakin ƙofar madafa tana kallon fuskar tsohon. Ko murmushi bai yi ba, kuma hannunsa bai kai ga abincin ba. A hankali ya mayar da ledar aljihunsa, ya jawo jakarsa kusa da ƙafa. Ta gane mutumin nan tafiya zai yi, kuma in ya fita ƙofar nan ba zai sake dawowa ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da rariyar.

"Baji!" Haji Tompo ya yi magana ta tsakanin haƙora. "Koma ciki."

"Rumfata ce, Daeng Haji. Baƙona ne."

"Wallahi in kika buɗe baki, babu ni babu ke."

"To Allah ya ba ka haƙuri."

Ta tsaya a gaban Kuramoto. Dariyar kunya tana taso mata, ta danne ta. Ta ajiye rariyar a gabansa, ta sa yatsa a wurin da ya tsinke. Sannan ta rusuna sosai, ta yi magana da Japanancinta mai ɗingishi.

"Ba tashar jirgi ba ce. Rumfata ce. Wannan rariya ta tsufa, ban duba ba. Laifina ne. Ka yi haƙuri."

Ba ta ɗago ba.

Can sai tsohon ya ce, "Wa ya koya miki harshenmu?"

Ba ta ji duka ba. Ta ce, "Don Allah, a hankali, ka sake faɗa." Ya maimaita. Ta amsa, "Maƙwabciya. Mijina ya tafi, dole wani ya yi magana da kai."

Ya ɗauki rariyar ya juya ta a hannu. "Me kika canza?"

"Zo ka gani."

Ta wuce gaba, ya bi ta, suka bar Haji Tompo da kifinsa. A rumfa ta nuna masa sababbin rariyoyi. Ta nuna masa farin ƙyalle da ta shimfiɗa a teburin ƙarshe don a riƙa ganin kowane baƙin abu, da maganaɗisu da ake bi da shi kan ƙwan kafin a rufe kwali. Ya yi ta tambaya. Wata ta amsa, wata ta ce ba ta sani ba, za ta bincika. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya sa a gyara wata taga da ƙuda ke shigowa.

Da suka fito ya tambaye ta ina kabarin Rewa. Ta nuna masa teku.

Suka taka har bakin ruwa. Ya buɗe jakarsa ya fito da ɗan kwalin alewar wake, irin wadda Rewa yake so tun yana can. Ya ajiye a kan yashi, ya haɗa hannuwa, ya rusuna wa tekun. A nan ne Baji ta yi kukan da ta ƙi yi a gaban yayan mijinta.

"Baji-san," ya kira ta da laƙabin girmamawar ƙasarsu, yana magana a hankali don ta gane, "na zo ne in yi bankwana da abokina, in daina ciniki da ku. Na riga na samu wasu masu kaya. Da na ji dariyar yayan mijinki, na ce na yi daidai."

Ta share ido ta dube shi. "Yanzu fa?"

"Yanzu zan karɓi kaɗan. In na ga ko zare ɗaya, shi ke nan."

"Ba za ka gani ba."

"Kuma Japanancinki yana da muni ƙwarai."

"Na Rewa fa, da farko?"

Tsohon ya yi dariya karon farko. "Ya fi naki muni."

Ya koma ya ci kifin, ya nemi ƙarin miyar mangwaro. Da zai tafi ya roƙi ta ba shi tsohuwar rariyar. Ta ƙi. Ta ce a ƙofar rumfa za ta rataye ta, duk mai shiga aiki ya fara ganinta.

Haji Tompo ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, yana cewa ta zubar da mutuncin gida. Ita kuma ba ta je ba shi haƙuri ba. Kaɗan ɗin nan ya tafi lafiya, na bayansa ya ƙaru, ba a sallami mace ko ɗaya ba.

Rannan bayan la'asar ta isa barandar Rosdiana, sai ta tarar da 'yar Haji Tompo zaune a kan tabarma.

"Ke kuma fa?"

"Baba ne ya ce in zo in koyi Japananci, Inna."

Baji ta matsa mata wuri. "Zauna nan kusa da ni. Kukan kyanwa za mu fara."

Darasi: In za ka yi ciniki da mutanen wata ƙasa, ka koyi harshensu ko da za a yi maka dariya, ka kuma koyi abin da suke ɗauka girmamawa da abin da suke ɗauka raini, domin ba lallai ya zama irin naka ba. Kada ka bari kowa ya ce maka ka tsufa, ko ba aikinka ba ne. Ku tura wa duk wanda ake sare wa gwiwa, musamman matar da aka bari da ɗawainiya ita kaɗai.