Manomin da Ya Kawo Dutsen Zinariya Gida

Akwai wani manomi a wani ƙauye can bayan duwatsu, inda mota ba ta shiga. Yana da mata da 'ya ɗaya, Rifkatu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Wata shekara gero bai yi ba, sai ya bi maƙwabtansa zuwa ramin da ake haƙar zinariya. Ya riƙa kwaso duwatsun a buhu yana kawowa gida, matarsa tana dakawa a tsakar gida. Ƙura kuwa tana sauka a kan randa, da akushi, da ƙasar da yarinyar take wasa.

Ran nan ungozomar garin, wata tsohuwa, ta shigo ta ce, "Ɗana, fitar da dakan nan bayan gari. Duk gidan da ake yinsa, agwagi da kaji sun ƙare. Ina jiye wa yara tsoro."

Ya ce, "Inna, ai ƙura ce kawai. Can kuma ɓarayi za su kwashe mini. In na bari, me za mu ci?" Tsohuwar ta fita.

Da damina ta yi tsaka, Rifkatu ta daina cin abinci, ta daina waigowa in an kira ta, daga baya jikinta ya kama jijjiga. Kwana uku suna ba ta jiƙo, gama ɗakin shan magani tafiyar yini ce. A rana ta huɗu uban ya saɓa ta a kafaɗa tun da sassafe. Ya tarar kogi ya cika, ya zauna jiran kwalekwale har rana ta take. Sai la'asar sakaliya ya isa.

Malamin asibiti ɗaya ne a wurin. Ya duba yarinyar, ya ce, "Malam, ana dakan dutse a gidanka?" Ya ce, "I, Likita." Malamin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gubar dalma ce, tana cikin ƙurar. Ba ni da maganinta a nan, sai babban asibiti a birni. Mota kuwa sai ranar kasuwa, jibi."

Rifkatu ba ta kai jibi ba. Kashegari da hantsi ta cika a cinyar ubanta, a barandar ɗakin maganin.

Ya koma gida ya zubar da duwatsun, ya share tsakar gida har hannunsa ya yi kanta. Amma gubar ta riga ta shiga ƙasa da bango. Matarsa tana da ciki wata shida, ba su kuwa da inda za su koma.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙurar nan zunubi ne wanda muke shigowa da shi gida da hannunmu, muna cewa don iyali muke yi. Ba ya wari, ba ya zafi da fari, kuma sau da yawa ƙanana ne suke fara ɗaukar nauyinsa. Ungozomar ita ce muryar Ubangiji mai faɗakarwa tun da sauran lokaci. Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, hakika, amma tuba ba ta mayar wa manomin 'yarsa ba.

Sai dai kada mu yi saurin hukunta shi, 'yan'uwa. Yunwa ce ta kai shi ramin, kuma da ya farga ya yi tafiyar yini da ƙafa, bai tarar da kowa da magani a hannu ba. Nisan nan da ke tsakaninsa da magani mu ne, mu da asibiti yake bakin ƙofarmu, muna jin labarin ƙauyuka muna cewa Allah ya sawwaƙe, mu ci gaba da sha'aninmu. Na so in ƙare muku da labari mai daɗi, amma ba ni da shi. Matar nan za ta haihu a gidan nan, kuma har yanzu ba wanda ya tashi daga cikinmu.