Gizo da Maficin Bushiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Bushiya ce ke saƙa mafici na kaba, tana yi masa ado da gashin tsuntsaye. Da safe takan bi gidan Zabuwa, ta bi na Aku, ta bi na Dawisu, ta yi sallama ta ce, "Ko akwai wanda ya zube?" Su ce, "Ga shi nan a ƙasa, kwashe." Ranar kasuwa kuwa rumfarta ba masaka tsinke.

Rumfar Gizo na kallon tata, shi ma mafici yake sayarwa, amma ko ƙuda ba ya sauka. Hassada ta hana shi cin tuwo. Ya ce wa matarsa Ƙoƙi, "Wai wannan mai ƙayar ce za ta fi ni? Da gashin da ta tsinto a shara?"

Ƙoƙi ta ce, "To kai ma ka je ka roƙa mana."

"Allah ya kiyaye. Sabo zan samo, mai sheƙi."

Ya tarar da Zabuwa tana barcin rana, ya fige mata wuya. Ya lallaɓa wajen Aku, ya tuge jan wutsiyarsa. Ya faki idon Dawisu, ya cire masa mafi kyau. Ya saƙa mafitansa, sannan ja'irin ya bi gari yana cewa, "Kowa dai ya san mai neman gashi a garin nan."

Tsuntsaye suka kai ƙarar Bushiya wajen Kunkuru, sarkin kasuwa. Kunkuru ya ce in ita ce, ta bar kasuwa har abada. Bushiya ta share hawaye ta ce, "Ranka ya daɗe, su kira gashinsu. Wanda suka ba ni ya zama nawa, wanda aka ƙwata kuwa bai manta da mai shi ba."

Zabuwa ta kira, Aku ya kira, Dawisu ya kira. Mafitan Bushiya ko motsi. Sai rigar Gizo ta fara karkarwa, ashe a ciki ya cusa nasa. Ya danne, ya matse, ya kwanta a kai. Ina! Gashi ya ɗaga shi sama, ya maka shi da rufin rumfa, ya keta rigar ya koma wajen masu shi. Na Zabuwa ne kawai ya ƙi mannewa, shi ya sa wuyanta yake a fige har yau.

Gizo kuwa kunya ta hana shi saukowa. Yana can a kusurwar rufi yana saƙar da ba mai saye, yana leƙen rumfar Bushiya cike da mutane.

To kun ji. In za ku yi sana'a, ku roƙi abin da ya zube, kada hassada ta sa ku figi mai rai. Da kai nake, Tanko, na ga wutsiyar zakarana.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.