Kafso a Kokon Bushira

Akwai wata mata a Tabanni, ƙasar Birnin Gwari, mai suna Furera. Ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba, amma in ana zancen magani, likita ma sai ya ja baya.

Duk Juma'a sai ta ɓare kafson nan ja-da-rawaya na kashe ƙwayoyin cuta ta juye garinsa a kokon 'yarta Bushira. Wai wankin ciki ne, tun kafin cuta ta zo. Yarinya kuwa tuɓul-tuɓul, ko mura ba ta yi, har matan unguwa suka fara kwaikwayon uwar.

Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo karɓar bahayar yara masu lafiya don bincike. Furera ta bayar tana dariya, ta ce su je su ga ciki mai tsafta.

Bayan wata biyu shugabarsu, Malama Mercy, ta dawo. Ta ƙi zama a tabarma, ta daɗe tana kallon Bushira da ke wasa a tsakar gida.

"Maman Bushira, ƙwayoyin da ke hanjin yarinyar nan sun saba da maganinmu. Mun zuba musu kala shida, ko ɗaya bai kashe su ba. Suna nan kwance lamo, har koya wa juna jure magani suke yi."

Ta roƙi Furera ta daina ba yarinyar kafso, a kuma riƙa wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ƙanen Bushira, Munzali, ɗan wata takwas. Furera ta taɓe baki, ta ce ita ba ta ga marar lafiya a gidanta ba.

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya rufe Munzali, wanda bai taɓa lasar kafso ba. Aka ratsa daji da shi a babur zuwa asibitin gari. Allurar farko shiru, ta biyu shiru. Aka canja ta uku, jiki sai ƙara zafi yake. Likita ya ce irin ƙwayar da ke cikin yayarsa ce ta shiga jininsa.

A kwana na tara ya cika.

Ranar addu'ar uku, Bushira na ta tsalle-tsalle cikin masu gaisuwa, lafiyarta ƙalau. Ta zo ta faɗa cinyar uwarta.

"Inna, in kin haifi wani, ni zan riƙa ba shi tuwo a baki kamar Munzali."

Furera ta ƙura wa 'yan yatsun Bushira ido.

Darasi: Kada a ba yaro kafso ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta, kuma a riƙe wanke hannu. Ku tura wa iyayen da kuka sani, ƙila yau wata na shirin dama koko.