Mai Gadin Tafki da Madubinsa

Akwai wani maigida da yake da tafki a bayan gari, inda kowa ke ɗiban ruwan sha. Da ruwan ya gurɓace, sai ya tafi birni ya kawo waɗansu injuna ƙanana ƙwarai, ko ƙwayar gero ta fi su girma nesa ba kusa ba. Ba su shan fetur, ba su bukatar batir. Haske kaɗai ke tuƙa su. Inda ya fi ƙarfi can suke nufa, suna cinye dauɗar ruwa.

Ya zuba su a tafkin, ya ba mai gadinsa babban madubi, ya ce, "Gefen gabas yana samun rana da kansa, amma inuwar tsamiya ta rufe yamma. Ka riƙa juya haske can, domin mutanen wajen su ma su sha ruwa mai kyau." Sa'an nan ya yi tafiya.

A gabas ne gidajen manyan gari suke, a yamma kuwa masu wanki da masu faskare. Mai gadin ya lura duk ran da ya ƙara wa gabas haske, manya sukan gaishe shi da suna, su shimfiɗa masa tabarma a zaure. Sai ya kafe madubin yana haska gabas. Injunan suka taru can, ruwan ya yi garau. Na yamma ya yi kore, ya fara wari.

Wata mai wanki, wadda 'yarta ke kwance da gudawa, ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, ka turo mana su ko na yini ne."

Ya ce, "Baiwar Allah, man injunan ya kusa ƙarewa, ba zai kai su yamma ba. Sai haƙuri."

Ta gaskata shi, har ta koma tana ba maƙwabta haƙuri. Yarinyar kuwa ta rasu.

Da maigidan ya dawo, ta yamma ya shigo, ya tarar ana zaman makoki. Uwar ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka koma birni, ka taimaka ka sayo wa injunan nan mai, kada wani yaron ya bi tawa."

Ya ce, "Wane mai?"

Ta faɗa masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka kira mai gadin gaban jama'a, ya ce, "Kai mugun bawa, rana ce ta ƙare? Ka hana su ruwa, ka kuma sa sun ɗauka ni ne na yi musu rowa." Ya ƙwace madubin, ya kore shi, ya tsaya da kansa yana haska ƙarƙashin tsamiyar.

Ga ma'anar misalin nan, ya 'yan'uwa. Hasken shi ne alherin Allah, kyauta ne, ba ya ƙarewa. Injunan su ne masu zuciyar hidima a ikkilisiya, matasa da matan zumunta, waɗanda duk inda aka nuna musu za su je. Madubin kuwa yana hannunmu, mu dattawa da malamai. In mai hali ya yi mura, mukan cika gidansa da addu'a. In gwauruwa ta kwanta, sai mu ce ba hali, ba lokaci. Ita kuwa sai ta ɗauka Allah ne ya manta da ita. Maigidan yana dawowa, kuma ita zai fara tambaya, ba mu ba.