Harajin Ɗan-Firit

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Shekarar da macizai suka addabi ramukan Gabashin Kogi, wani kurege mai suna Ɗan-Firit ya tattara komatsansa ya yi ƙaura zuwa Yamma. Amma bai saki aikinsa ba. Shi ne mai gadin gonar gyaɗar Giwa, saboda haka kullum sai ya haye wata doguwar giginya a sabon garinsa yana hango gonar a tsallake. Da ya ga birai sai ya buga gwangwani, Giwa ta fito a guje. Ranar Juma'a kuwa ta ɗora kwandon gyaɗa a kan ruwa, ta hura shi da hanci har ya iso masa. Kafin wata shida rumbunsa ya cika maƙil.

To, ga yadda dokar take. Mutanen Gabas suna karɓar haraji a kan ladan da ya fito daga ƙasarsu, kuma Kada, mai karɓar musu, yakan tsoma jelar wanda ya biya cikin shuni don shaida. Mutanen Yamma suna karɓa daga duk mai kwana a ƙasarsu, Kura ta sa masa lalle a jela. Wanda ya biya a tsallake ɗaya, ba a sake tambayarsa a ɗayan.

Ɗan-Firit ya yi tsalle ya dire. "Ni ne na kwana Yamma na ci Gabas! Ƙwayar gyaɗata ko ɗaya ba mai ɗanɗanawa!"

Ya lallaɓa wata marina a nan Yamma ya shafa wa saman jelarsa shuni, ya kwaɓa lalle ya ƙunsa wa ƙasanta.

Da gari ya waye sai ga Kura da buhunta. "Kai baƙo, wata shida kana sharar barci a ƙasarmu. Auno mana namu."

"Haba Yaya Kura, ai ladan daga Gabas yake zuwa, can na biya." Ya shimfiɗa jela, shuni sai ƙyalli yake. Kura ta haɗiye yawu ta tafi tana gunaguni.

Da gari ya waye Kada ya ɗago kai a bakin ruwa. "Ɗan-Firit, ka bar gida amma gyaɗar gida kake ci. Ina namu?"

"Baba Kada, ai wanda ake kwana a ɗakinsa shi ya riga ka." Ya ɗage jela sama, ga lalle ja wur. Kada ya nutse.

Shekara biyu ɗan banzan nan yana wannan tsiya. Ya yi ƙiba har giginya ta fara yi masa wuyar hawa, kuma ni ma da nake ba ku labarin sai da ya burge ni. Abu ɗaya ya manta: bai taɓa tambayar labarin garin da ya baro ba.

A shekara ta uku, da gari ya waye, Kura ta same shi a bakin kogi yana jiran kwando. Ya shimfiɗa mata sabon shuni yana fito. Sai wani gungume da ke kwance a gefen ruwa ya buɗe ido. Ashe Kada ne yana shan hantsi.

"Shuni? Mu da marinarmu ta ƙafe tun bara! Yanzu aske jela muke yi. Kuma ni ja yake nuna mini."

Kura ta sa ƙafa ta juya jelar. Ta dubi Kada, Kada ya dube ta.

"Ku tsaya, ai kwalliya ce!" in ji Ɗan-Firit.

Ina! Suka tasa shi gaba har rumbu, suka auni na shekara uku, suka ƙara da tara, Kura ta lashe ɗan abin da ya rage a gindi. Ganin rumbun nan wayam sai da ya yi ƙwalla. Da ya zabura zai tsere, Kura ta cafki jelar, Kada ma ya kai baki. Ya fizge da ƙarfin tsiya, ya bar musu gashin kaf.

Sai da ya haye wani dutse can nesa, jiki duk ƙujewa, ciki ba komai, sannan ya waiga ya ga jelarsa tal. Ya fashe da dariya, ya ɗaga ta sama.

"Baba Kada, na gode da aski! Duk mai neman harajin baɗi, ya zo ga shaida!"

Ƙurunƙus, kan kurege mai jela ba gashi.