Ƙaramin Kabarin Da Ke Gefen Na Mahaifiyarta

Kujerar robar da ke gindin zogale a gidan Manang Toyang yau kwana arba'in ke nan babu kowa a kanta. Shekara ashirin da shida muka yi ni da ita muna gyaran ɗakunan baƙi a otal guda a nan Hawai ta ƙasar Amurka, yanzu kuma ba ni da wanda zan kira da safe in tambaya ya gwiwa. Ni ba mai dogon karatu ba ce. Amma ku da kuke bin wannan shafi, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don akwai abin da na gani da idona.

Akwai wata mata mai suna Nenita, a wani ƙauye kusa da Badoc, can gida Ilocos, a ƙasar Filifin. Tafarnuwa take nomawa a gonar da mahaifiyarta ta bar musu. Mijinta Arnel ya riga ya samu takardar zama a Hawai kafin su yi aure. Ya dawo gida aka ɗaura, suka yi sati uku tare, ya koma da alkawarin zai ɗauke ta.

Sati ukun nan shi ne duk zaman auren da suka yi a cikin shekara biyar, in ka cire zuwa ɗaya da ya yi na kwana goma.

Sauran duk a waya ne. Yana cin abincin rana tana karyawa. Takan jingina wayar jikin tulun ruwa, ta zuba shinkafa, su ci tare kowa a nasa gari. Rigarsa guda da ya manta tana rataye a bayan ƙofa, ta ƙi wanke ta har ƙanshin ya tafi da kansa.

A shekara ta biyar layin masu jiran takardar kawo iyali ya zo kansu. Sai ga matsala. Hukuma ba ta barin mutum ya kawo matarsa sai ya nuna albashinsa zai iya riƙe su biyu. Arnel kuwa wanke-wanke yake yi a gidan abinci, kuma tun da ya ji ciwo a baya aka rage masa awannin aiki. Albashin bai kai ba. Aka ce musu hanya ɗaya ce ta rage: su samo wani mazaunin can ya tsaya musu, ya sa hannu cewa idan Nenita ta rasa abin dogaro, shi zai ɗauki nauyinta.

Duk dangi suka ce ai wannan mai sauƙi ne, ga Kawu Rudy.

Kawu Rudy ƙanin mahaifiyar Arnel ne, yana da motocin haya a Honolulu. Da ya zo gida bikin gari, Nenita ta ɗaure tafarnuwa mafi manyan kai, ta kitse ganyenta da kyau, ta kai masa. Ta same shi a baranda cikin mutane, yana raba wa kowa dala biyar-biyar. Ta kama hannunsa ta kai goshinta, yadda muke gaida manya, ta zauna a ƙasa-ƙasa, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Kawu Rudy ya ɗaga tafarnuwar yana dubawa. “To, yau an tuna da ni. Kin san me ake nufi da sa hannun nan kuwa, 'yata? Shekara goma fa wuyana yana cikin igiya.”

“Kawu, ba zan zame muku nauyi ba. Ina da hannu, zan yi aiki.”

“Haka kowa ke cewa kafin ya hau jirgi. Shi mijin naki da ya tsaya ya yi zuciya, da ba ki zo nan da tafarnuwa ba.” Ya juya wajen mutanen yana dariya. “Ku ji fa, za a je Hawai. Can ba a cin ƙanshin gona, yarinya. Ki zauna inda kika iya.”

Wasu suka taya shi dariya. Nenita ta miƙe, ta yi godiya, ta fito. Tafarnuwar dai ya riƙe.

Ba ta gaya wa Arnel abin da aka ce a kansa ba. Cewa ta yi kawai Kawu yana da hidima da yawa bana. Arnel ya ce, “Ning, idan ba mu samu kowa ba, sai in tattara in dawo.” Ta san idan ya dawo, shekarun da ya yi can sun tafi a banza, maganin bayansa ma ba za su iya saye ba. Ta ce masa ya bari tukuna.

Watanni suka wuce, takardar tana ajiye, babu mai sa hannu.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa makabarta, Nenita ta ɗauki tsintsiya da farin fenti da kyandir kamar yadda ta saba. Ta share kabarin mahaifiyarta, ta shafa masa fenti, ta ajiye ɗan faranti na wainar shinkafa.

A gefen kabarin akwai wani ƙarami, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Shekara tara da suka wuce, lokacin da aka binne mahaifiyarta, ciyawa ce ta rufe shi, har ta taka shi ba ta sani ba. Sunan ya goge, sai haruffa uku. Ta tambaya, babu wanda ya san na wane ne. Mai gadin makabarta ya ce irin waɗannan da ba mai zuwa, idan wuri ya yi ƙaranci, tonewa ake yi a sa wani. Tun daga ranar duk shekara takan rage fenti kaɗan ta shafa masa, ta kunna masa kyandir guda, ta gutsura masa waina. Ƙannenta har tsokanarta suke yi wai ta samu ɗa ba naƙuda.

Ta ɗauki hoton kabarin mahaifiyarta ta tura wa Arnel. Ƙaramin ya fito a gefe.

Washegari da safe tana ɓare tafarnuwar iri, waya ta yi ƙara. Ta ɗauka tana jiran fuskar mijinta, sai ta ga fuskar wata tsohuwa ta cika wayar, tabarau a karkace.

Manang Toyang ce. Arnel yakan je gidanta a Waipahu sayen ganyen zogale, don 'yar ƙauyensu ce, ko da yake ta bar gida tun kafin a haife shi. Ranar ya nuna mata hoton ne kawai don ta ga yadda makabartar ta koma.

“Ke ce matar wannan mai neman ragi a kan zogalen dala biyu?”

Nenita ta yi dariya ta gaishe ta, ta kira ta Nana, yadda muke kiran iyaye mata. “Ni ce, Nana.”

“Ƙaramin nan na gefe. Akwai dutse a tsaye bayansa, mai kama da kan akuya?”

“Akwai, Nana.”

“Wa ya shafa masa fenti?”

“Ni ce. Ban san na wane ne ba. Idan na yi laifi ne…”

Tsohuwar ta cire tabarau. Nenita tana jin kukan kaji daga can wata duniya.

“Ɗana ne, sunansa Crispin,” in ji ta. “Pinong nake ce masa. Wata goma sha ɗaya ya yi, zazzaɓi ya ɗauke shi. Dangina duk sun watse, wadda nake aika wa kuɗin kyandir ta rasu tuntuni. Likita ya hana ni hawa jirgi. Na ɗauka sun tone shi.” Ta share ido da bayan hannu. “Shekara nawa kina yi?”

“Tara, Nana.”

“Wa ke biyan ki?”

“Fentin ne yake ragewa.”

“Ƙarya kike, fenti ba ya ragewa shekara tara.” Sai ta juya gefe. “Kai, zo nan. Me ya sa yarinyar nan take can kai kana nan kana cin kifin gwangwani?”

Arnel ya gaya mata komai. Bai taɓa tunanin tambayarta ba. Wa zai kalli tsohuwa mai silifas, mai ƙulla zogale tana sayarwa a bakin coci, ya ce ita za ta tsaya wa wani?

Nan take Manang ta ce ita za ta sa hannu. Sai dai fanshonta ma bai kai abin da ake nema ba. Amma matar da ke taimaka wa mutanenmu cike takardu ta ce doka ta yarda a haɗa da kadara. Manang tana da gida. Ɗan ƙaramin gidan katako ne da ita da marigayi mijinta suka saya tun unguwar tana gonar rake, suka gama biya da guminsu. Aka kira mai kimanta gida ya zo ya zagaya da abin awonsa. Da ya faɗi darajarsa a yau, Manang ta ce masa ya sake dubawa, kada ya zama gidan maƙwabta ya auna.

Ina wurin ranar da za ta sa hannu. Ba zan ɓoye muku ba, ni na hana ta. Na ce, “Manang, yarinyar da ba ki taɓa gani ba? Gidan nan shi kaɗai gare ki.”

Ta ce, “Ita ma ba ta taɓa ganin Pinong ba. Ba ni biron.”

Bayan an aika takardu, wani tunani ya hana Nenita sakewa. Ta kira tsohuwar ta ce, “Nana, kun yi tunani kuwa? Idan na taho, wa zai riƙa zuwa wurinsa?”

“Na yi tunani tun kafin ki yi,” in ji Manang. “Shekara hamsin ina nan yana can, na san yadda abin yake ci. Ba zan ajiye ki gadin kabari ba, ga mijinki da rai.”

Jiran ya ɗauki wata takwas. A tsakani zuciyar Manang ta tashi, aka kwantar da ita asibiti. Nenita ta san idan mai tsaya mata ta rasu kafin ta sauka, sa hannun ya faɗi, sai a koma neman wani. Ta ji tsoro, sannan ta ji kunyar kanta, don ba ta iya rabe tsoron da take ji wa tsohuwar da wanda take ji wa takardar ba. Da aka ba Manang waya, Nenita ta fashe da kuka.

“Ke, share hancinki,” in ji Manang. “Na san abin da kike tsoro, ni ma shi nake tsoro. Na gaya wa Allah ina da baƙuwa a hanya, ya ɗan saurara mini.”

Ya kuwa saurara. Nenita ta je Manila aka yi mata tambayoyi a ofishin jakadanci, aka ba ta biza.

Ranar da ta sauka, Arnel ya tsaya a filin jirgi da furanni ya rasa ta inda zai fara. Ita ta fara magana. Ta ce ya rame, ya ce ita ma ta yi baƙi, suka riƙe juna suna dariya da hawaye. Daga nan ba ɗakinsu suka wuce ba, gidan Manang suka zo.

Tana zaune a kujerar nan ta gindin zogale. Nenita ta durƙusa ta kai hannunta goshi, sannan ta ciro hoto daga jaka.

Kafin ta taho, ta sayar da tafarnuwar shekarar gaba ɗaya, ta sa an gina ɗan gajeren bango ya kewaye kaburburan biyu, suka zama wuri guda. An kafa allon siminti ɗaya. A sama sunan mahaifiyarta, a ƙasa an rubuta Crispin.

“Yanzu ɗan gidanmu ne, Nana,” in ji ta. “Duk wanda ya zo wurin Inna a cikin ƙannena, ba shi da yadda zai yi ya tsallake shi.”

Manang ta riƙe hoton a ƙirjinta. Can ta ce, “Akwai sauran wuri a cikin bangon nan?”

“Na bar wuri, Nana.”

Wata bakwai suka samu tare. Nenita ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta taɓa neman ko sisi a hannun kowa ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta biya ta dafa wa Manang miyar zogale, su yi ta musu a kan gishiri. Ita ta riƙe hannunta ranar da ta cika, da hantsi, ina gefe.

A watan Nuwamba mai zuwa Nenita da Arnel za su kai tokarta gida, don ƙona gawar aka yi, a sa ta a wurin da aka bar mata. Kawu Rudy ya zo gaisuwa, ya zauna can baya, bai yi magana da yawa ba. Da zai tafi ya tsayar da Nenita a ƙofa, ya tambaye ta a hankali ko idan ta je za ta leƙa masa kabarin iyayensa, don ya daɗe bai san halin da yake ciki ba. Ta ce za ta leƙa.

Darasi: Alherin da ka yi wa wanda ba zai iya gode maka ba, bai ɓata ba, akwai mai gani. Kuma kada ka auna mutum da takalminsa, wanda ka wuce ba ka kalla ba wataƙila shi ne zai tsaya maka. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke zaune yana jiran takarda, mijinsa ko matarsa na wata ƙasa, don ya ƙara haƙuri.

Ku taya ni addu'a. Allah ya ji ƙan Manang Toyang, ya sada ta da Pinong ɗinta. Allah ya haɗa duk waɗanda teku ya raba tun suna da rai. Duk wanda ya karanta, ya ce amin.